An Ba Makarantarmu Manhajar Taswira Kyauta: Ta Ina Za Mu Kama?

Tambaya: Ni mataimakiyar shugaba ce a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati, kuma ni nake koyar da labarin ƙasa a manyan azuzuwa. Wata ƙungiya ta zo ta ce za ta ba mu manhajar zana taswira kyauta, haɗe da darussan da ake karantawa a kwamfuta. Kwamfutocinmu 12 ne, 8 ke aiki. Wuta sai an ga dama, intanet kuwa babu sai ta wayoyinmu. Mu karɓa? In mun karɓa, me za mu yi da ita?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa aikin albarka. Ku karɓa, ba a mayar da hannun kyauta baya. Sai dai kafin shugabarku ta sa hannu a kowace takarda, ina so ki san ainihin abin da ake miƙo muku, da abin da zai ci a aljihun makaranta bayan masu kyautar sun tafi. Na daɗe ina horar da malaman sakandare kan wannan aiki, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar ɗakin kwamfutar da aka buɗe da taro da ɗaukar hoto, in ka koma bayan zango biyu ka tarar da shi a garƙame, makullin yana aljihun malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, ƙurar hunturu ta toshe madannai. A duk inda na ga haka, manhajar lafiyarta ƙalau. Malami da wuta da lokacin darasi ne ba a tanada ba.

Taswirar da ke rataye a bangon ajinku hoto ce, abin da aka buga a kanta shi ke nan. Manhajar da ake kira GIS kuwa falle-falle take ɗora bayanai, kamar fararen ledoji da ake ganin abin da ke ƙarƙashinsu: falle ɗaya na hanyoyi, ɗaya na rafuka da magudanan ruwa, ɗaya na gidaje, ɗaya na rijiyoyi. Kowane ɗigo a kan taswirar yana da layinsa a cikin jadawali, inda aka rubuta cewa wannan rijiyar burtsatse ce, tana aiki ko ta lalace, gida nawa ke ɗiba a cikinta. Shi ya sa ake iya yi wa taswirar tambaya ta ba da amsa. Waɗanne gidaje ne nisansu da ruwan sha ya haura mita 500? Ina ruwa zai bi idan kududdufin bayan kasuwa ya cika?

Mu nan arewa mun ga amfanin wannan da idonmu. A da, masu rigakafin shan inna da taswirar da aka zana da biro suke fita, sai a tsallake rugage da ƙananan ƙauyuka ba da saninsu ba. Daga wajen 2012 aka soma zana matsugunan Kano da maƙwabtanta daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana kuma ba ayarin masu rigakafin wayoyi masu GPS domin a ga inda suka taka da inda ba su taka ba. Sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida su ne ƙashin bayan aikin, amma taswirar ce ta tona inda ake barin yara. A Borno aka ga yaro na ƙarshe a Najeriya da ainihin ƙwayar cutar ta kama a 2016, sannan a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Idan za ki gabatar wa ɗalibanki da wannan fanni, da wannan labarin za ki fara, don da yawansu an ɗiga musu maganin a ƙofar gidansu.

Yanzu ga batun kyautar. Kalmar tana da fuska biyu a wannan fage, kuma tambayarki ta farko ga ƙungiyar ita ce: wacce iri ce?

Akwai manhajar kamfani da ake sayarwa da tsada, amma kamfanin ya yafe wa makarantu kuɗin. Babban misali shi ne Esri, kamfanin da Jack Dangermond da matarsa Laura suka kafa a Redlands ta jihar Kalifoniya a 1969. A watan Mayun 2014, ƙarƙashin shirin ConnectED na shugaba Obama, kamfanin ya yi alkawarin ba kowace firamare da sakandare a Amurka manhajarsa ta taswira mai suna ArcGIS Online kyauta, alkawarin da aka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 1. Daga baya makarantun Birtaniya da wasu ƙasashe suka samu irinsa. Abin da nake so ki lura da shi a wannan labari shi ne abin da ya raka manhajar. Shirin ConnectED tun a 2013 aka ƙaddamar da shi, da burin kai intanet mai ƙarfi ga kashi 99 cikin 100 na ɗaliban ƙasar cikin shekara 5. Wato hanya aka fara sharewa kafin a kawo mota. Kamfanin kuma ya tanadi gajerun darussa masu suna GeoInquiries, kowanne na kamar minti 15, an ɗaure shi da babin da malami yake koyarwa a littafi. Sannan suka haɗa kai da ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Amurka aka samar da 'yan sa-kai, ƙwararrun da ke aiki da taswira kullum, suna riƙe hannun malaman makarantun da ke kusa da su. Duk da wannan tanadi, inda abin ya kama ƙasa shi ne inda aka sami malamin da ya ɗauke shi nasa.

ArcGIS Online manhaja ce mai kyau, ina amfani da ita, kuma ta fi sauƙin koyo ga ɗan farin shiga. Amma a intanet take zaune. Ba a ɗora ta a kwamfuta, shiga ake yi da asusu da kalmar sirri, kuma duk lokacin da ɗaliba ta matsar da taswira ko ta zuƙo ta, data ake ci. A makarantar da intanet ɗinta ta wayar malama ce, wannan kayan aro ne, kuma kin san kayan aro ba ya rufe katara. Ranar da data ta ƙare, darasi ya ƙare. Ranar da wa'adin lasisi ya cika kuma ba wanda ya san yadda ake sabuntawa, aikin yara yana can inda hannunku ba ya kai.

Fuska ta biyu ita ce manhajar da tun asali ta kowa ce. Jagora a nan QGIS ce, wadda Gary Sherman ya fara a 2002, yanzu kuma masu sa-kai daga ƙasashe da dama ke rainonta. Ba lasisin da ke ƙarewa, ba asusu, ba a ƙayyade yawan kwamfutocin da za a ɗora wa. Ki sauke ta sau ɗaya inda intanet ke da ƙarfi, ki zuba a filas, ki bi kwamfutocinku 8 ɗaya bayan ɗaya. Ki zaɓi fitowar da ake kira LTR, ita ce ba ta yawan sauyawa, kuma ta fi zama lafiya da tsofaffin kwamfutoci. Fuskarta tana da maɓallai da yawa, ranar farko takan tsorata mutum. Cikin mako biyu za ki gane guda goma kacal ake taɓawa kullum. Ga makaranta mai halin taku, ita nake ba da shawara ta zama tuwon gida, ta intanet kuma ta zama ta marmari, a buɗe ta da majigi ranar da aka samu data.

Manhaja ba tare da bayanai ba tukunya ce ba hatsi, kuma a nan masu kyauta suka fi yin sakaci. Alhali bayanan suna nan, kyauta, sai dai a san inda suke. OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya soma a Ingila a 2004, taswirar duniya ce da jama'a ke zanawa da hannunsu, kuma ana iya sauke na Najeriya ko na Nijar gaba ɗaya daga shafin Geofabrik a yanko jiharku. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun hotunan ga kowa. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, ya fi su kaifin ido: kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, na Landsat kuwa mita 30. Bayanan tudu da kwari na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya auno a 2000, su ma kyauta ne. Shirin GRID3 yana da iyakokin mazaɓu da matsugunai da cibiyoyin lafiya na Najeriya. Ki ce wa ƙungiyar nan, in da gaske suke, su haɗo muku waɗannan na ƙaramar hukumarku a filas ɗaya, a shirye. Aikin yini biyu ne ga wanda ya iya, amma shi ne rabin nasarar.

Akwai abin da nakan tuna wa malamai. A Hausa kalmar manhaja tana da ma'ana biyu, akwai ta kwamfuta, akwai ta karatu. Ta biyun ce uwar gida. Labarin ƙasa na babbar sakandare a Najeriya ya riga ya ƙunshi GIS da hangen ƙasa ta tauraron ɗan'adam, amma a yawancin makarantu hadda ake yi: a rubuta ma'ana a allo, a kwafa, a manta bayan jarrabawa. Ke yanzu kin sami damar da za su taɓa abin da hannunsu. Kuma kada ki ji tsoron zai cinye lokacin shirin WAEC da NECO. Ɓangaren karatun taswira, inda ake tambayar ma'auni da layukan tudu da yanke ƙasa a ga tsayinta daga gefe, shi ne wanda ya fi kayar da yara, don ana ba su taswirar garin da ba su taɓa ji ba. Da QGIS da bayanan SRTM za ki iya fitar da layukan tudu na dutsen da suke gani kullum ta tagar aji, ki buga a farar takarda. 'Yar Kano da ta ga layukan sun matsu a jikin Dala da Goron Dutse, sun kuma baje a fili, ba sai an sake gaya mata abin da matsuwar layi ke nufi ba. Ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 ke wakiltar kilomita 1, zai zauna mata a kai idan ta auna daga ƙofar makaranta zuwa tashar motar da take hawa.

Ga yadda nake so zangon farko ya tafi, kuma makonni biyun farko ba kwamfuta a ciki. Ki ba kowace ɗaliba takarda ta zana hanyarta daga ɗakin kwana zuwa aji, ko daga gida zuwa makaranta, daga ka. Ki manna su a bango. Za su ga wata ta mai da masallaci ƙato, wata ta manta da shi, wata arewarta tana kallon ƙasa. Daga wannan gardamar ake gane dalilin ma'auni da alamomi da kibiyar arewa. Bayan nan ki fito da su harabar makaranta da wayoyin malamai biyu ko uku. Mutane da yawa ba su san GPS ba ya buƙatar data ba: waya sauraren taurari kawai take yi, ko ba layi a cikinta za ta ba da lambobin wuri. Manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps suna aiki ba intanet idan an riga an sauke taswirar, KoboCollect kuma yana ba da damar cike fom a fili a tura daga baya. Su ɗauki lambar kowane famfo, kowace bishiya da sunanta, darbejiya ce ko mangwaro ko kuka, da kowane wurin da ruwa ke kwanciya. Ki sa ɗalibai uku su tsaya a gindin bishiya ɗaya su karanta lambobinsu. Ba za su zo daidai ba, don waya takan kuskure da 'yan mitoci, musamman kusa da dogon gini. Wannan saɓanin darasi ne babba: na'ura ma tana kuskure, kuma mai ilimi shi ne wanda ya san girman kuskuren. Ki gaya musu digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, su lissafa da kansu cewa lamba ta biyar bayan ɗigo kusan mita ɗaya take nufi.

Ranar da suka zuba lambobin a QGIS, ki sa ran kuskure guda da kusan kowane aji ke yi, wato musanya lambar arewa da ta gabas. Kano tana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas. In aka juya su, bishiyoyinku za su tashi su sauka a kudancin Adamawa, wajen Ganye. In kuma aka bar gurbin ba komai manhajar ta ɗauke shi sifili, sai ɗigon ya faɗa teku kudu da Gana. Kada ki gyara musu da sauri, ki bar su su gano yadda kukar makarantarsu ta je Adamawa. Ɗaya abin da za ki kiyaye shi ne, idan za a auna nisa ko faɗi da mita, sai an sauya tsarin lambobin wuri daga digiri zuwa UTM, wato tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya yake auna wuri da mita. Najeriya ta ratsa shiyya uku: Sakkwato tana ta 31, Kano da Katsina da Zariya suna ta 32, Maiduguri tana ta 33. Tsofaffin taswirorin gwamnati kuma a kan tsohon tsarin lambobin wuri mai suna Minna aka gina su, GPS kuwa wani tsari mai suna WGS 84 yake bi, don haka idan kin ɗora tsohuwar taswira kan sabuwa kika ga titi ya goce da gomomin mita, ba kwamfutar ce ta lalace ba.

Zan ba ki abin da na gani a wata makaranta a bakin gari, cikin watan Agusta. Ruwa yakan kwanta a gaban ɗakunan kwana har sai an jera duwatsu ana takawa, kowa kuma ya sallama cewa haka wurin yake. Malaminsu ya sa 'yan aji biyar suka bi ruwan da safe bayan an ɗauke, suna ɗaukar lamba duk inda ya taru, suna nuna inda ya nufa da kara. Da aka ɗora ɗigon a kan hoton tauraro, wata yarinya da ba ta cika magana ba ta matso ta sa yatsa a fuskar kwamfutar, ta bi layin a hankali har bayan katanga, ta ce, "Malam, ashe ruwan ba namu ba ne. Daga tudun can yake gangarowa, kwalbatin nan ne ya toshe." Aka je aka duba, ledoji da yashi sun cika shi. Suka buga taswirar a takarda ɗaya, shugaban makaranta ya kai wa mai unguwa, ranar Asabar matasa suka fito da shebur. Ban manta fuskar yarinyar ba lokacin da ta ɗago kai. Ta gane cewa abin da ta sani game da wurin da take zaune ilimi ne, kuma yana iya motsa manya.

Irin wannan ake yi a wurare da dama da girma. A 2009 matasan Kibera a Nairobi suka zana unguwarsu, wadda taswirorin hukuma suka bari kusan fili. A Darussalam ta Tanzaniya, shirin Ramani Huria ya sa ɗaliban jami'a da mazauna unguwanni suka zana magudanan ruwa da wuraren ambaliya tun daga 2015. Mu da muka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, da abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ba sai an yi mana dogon bayani kan amfanin sanin inda ruwa ke bi ba.

Idan hannunsu ya faɗa, ki ɗaga idonsu zuwa nesa. Tafkin Chadi darasi ne da ba ya gundura. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980, bayan farin da aka sha, ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na hakan. Ki jera musu hotunan Landsat na shekaru daban-daban su auna da kansu. Za su kuma ga abin da littattafai da yawa ba sa faɗa, cewa tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa a miƙe ba, yana cika yana ja da baya gwargwadon damina, kuma hoton watan Nuwamba daban yake da na watan Mayu. Ɗalibar da ta koyi tambayar "a wane wata aka ɗauki hoton?" ta sami abin da zai kare ta daga ruɗin hotunan da ake yaɗawa a waya har ƙarshen rayuwarta.

Yanzu maganar da ba na so ki ɗauke ta da sauƙi, tunda makarantar 'yan mata ce. Bayan Chibok da Dapchi da Jangebe, ba mai hankalin da zai sa taswirar cikin makarantar kwana a intanet. Ɗakunan kwana, inda katanga ta rushe, ɗakin masu gadi, ƙananan ƙofofi, duk wannan ya tsaya a kwamfutarku, kada ya hau OpenStreetMap ko wani shafi. Kada a sa gidan wata ɗaliba da sunanta a kowace taswira. Ki tambayi ƙungiyar: idan za a buɗe wa yara asusu, wane bayani za a karɓa, a ina za a ajiye, wa zai gani? Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma bayanan yara sai da yardar iyaye ko masu riƙonsu. Lamba ko laƙabi ya isa a maimakon cikakken suna. Idan za a fita waje, a nemi izinin iyaye, a gaida mai unguwa a gaya masa abin da ake yi, don mutanenmu in suka ga ana auna wuri da waya sai su zaci rusau ne ko haraji. Barikin soja da ofishin 'yan sanda kuwa a yi nesa da su.

Abin da ya halatta a sa wa duniya shi ne hanyoyi da kasuwanni da asibitoci da sunayen unguwanni, kuma a nan ɗalibanki sun fi kowane baƙo. Mai zana taswira daga Turai yana ganin rufin kwano yana walƙiya a hoton tauraro, amma ginin ƙasa mai rufin soro yakan saje masa da fili ya wuce shi. 'Yar gari ta san nan gida ne, nan makabarta ce, nan kuma masussuka. Da ɗan gari akan ci gari. OpenStreetMap tana da gurbin rubuta sunan wuri da Hausa, da ƙugiyoyinsa, a gefen sunan hukuma, yadda Sakkwato da Damagaram da Ƙofar Na'isa za su fito kamar yadda muke faɗinsu. Sharaɗi ɗaya ne: ba a kwafa daga Google Maps a zuba a can, lasisinsu bai yarda ba. Abin da aka gani da ido ko aka zana daga hotunan da shafin ya bayar shi ake sawa.

Darussan kwamfutar da suka ce za su haɗo da su ba zan daɗe a kansu ba, don ƙa'idar ɗaya ce: su yi aiki ba intanet. Kolibri yana mai da tsohuwar laftof ɗaya ta zama rumbu, sauran kwamfutoci su ja darasi daga gare ta ta wayafai na cikin gida. Kiwix yana ɗauke da Wikipedia gaba ɗaya, har da ta Hausa. Gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Kolorado suna taimaka wa malaman kimiyya inda ba kayan ɗakin gwaji. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a 2022, mai bin manhajar karatunmu, da darussa har da na Hausa. Kada ki bari a cika muku rumbu da bidiyo dubu a ce an taimaka. Darasi 20 da kika kalla da kanki kika san makon da kowanne zai shiga sun fi su amfani.

Dalilin da ya sa nake ta nanata malami, an gwada akasin haka an gani. Shirin ba kowane yaro laftof da Nicholas Negroponte ya ɓullo da shi a 2005 ya taɓa zuwa wata firamare a Galadima ta Abuja a matsayin gwaji. Ƙasar Peru ta sayi ɗaruruwan dubbai ta raba a karkara, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙari a sakamakon lissafi da karatu ba, ko da yake yaran sun iya sarrafa na'urar. Don haka ki nemi a horar da malamai uku aƙalla, ke da malamin kwamfuta da wani na lissafi ko aikin gona, yadda canjin wurin aikin mutum ɗaya ba zai kashe shirin ba. Horon yini ɗaya a otal ba ya wadatarwa. Gara sa'a biyu duk mako na tsawon zango, a ɗakin kwamfutarku, a kan bayanan garinku. Ki kuma ƙwanƙwasa ƙofar sashen labarin ƙasa na jami'a ko kwalejin ilimi mafi kusa da ku. Ƙungiyar YouthMappers, wadda aka kafa a 2015, tana da rassa a jami'o'in Najeriya da dama, kuma cikin masu yi wa ƙasa hidima da ake turo muku ba a rasa wanda ya taɓa QGIS.

Wuta kuwa lissafi ne mai sauƙi. Laftof tana cin wajen wat 60, saboda haka guda 8 na tsawon sa'a biyu ba su kai kilowat ɗaya na sa'a ba, abin da ƙaramar sola da batir za su ɗauka. Kwamfutar tebur da allonta takan ci ninki biyu ko uku. Idan ƙungiyar tana da ɗan kuɗin da za ta ƙara, sola da majigi da firinta sun fi muku ƙarin kwamfutoci. Aji mai ɗalibai 60 ko 70 kuma a raba shi biyu, rabi suna waje da takarda da waya, rabi suna ciki huɗu-huɗu, a riƙa juya mai riƙe da linzamin kwamfuta duk minti 10 don kada masu ƙarfin hali su mamaye. Ki roƙi a haɗa miki darasi biyu a jere, minti 40 ba ya isa a kunna a yi aiki a adana.

Ranar da mutanen ƙungiyar za su dawo, ki kai su ɗakin kwamfutar, ki nuna musu wadda ta fi kowacce tsufa cikin masu aiki, ki ce su ɗora manhajar a kanta. A kashe data. Su buɗe taswirar unguwar da makarantar take, ki kira ɗalibai biyu su zauna, a sa su nemo ƙofar makaranta su auna nisanta zuwa asibiti mafi kusa. In hakan ya yiwu kafin a buga ƙararrawa, shugabarku ta sa hannu. In bai yiwu ba, ki ce su koma su shirya filas ɗin nan da na ambata, su kuma rubuta a takardar yarjejeniya sunan wanda za ki kira a zango na biyu da ranakun da zai riƙa zuwa.